Keke Ya Shiga Har Ƙofar Asibiti

Yagana ta sauka lafiya, Kyari, namiji ne, kuma keke ya shiga da ita har bakin ƙofar asibiti!

To, yanzu da na fitar da abin da ke cina, assalamu alaikum wa rahmatullah. Daga mahaifinka, Mala mai wankin hula, a nan Jiddari Polo. Wushe da aiki, sannu da baƙunta. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a garin da ba ka da uwa ba ka da uba. Na san ƙanwarka Bintu ta riga ni, ta buga maka waya tun kafin a wanke yaron. Ni dai ban ƙoshi da faɗa ba. Na faɗa wa liman, na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa wani bawan Allah da ya tsaya yana tambayata hanyar Kasuwar Kwastam, har ya ce Allah ya raya, ya tafi bai ji kwatancen ba. Mahaifiyarka ta ce in ban sassauta ba mutane za su ɗauka ni na yi naƙudar. Ita da take faɗin haka, tun da aka miƙa mata yaron ta dube ni ta ce, "Tsoho, na yi sabon miji, sai ka nemi inda za ka zauna." Na ce mata mijin da ba shi da haƙori ba shi da hula, ai ba zai firgita ni ba. Ta ce, "Kai haƙoran nawa suka rage maka?"

Bari in ba ka labarin yadda aka yi, don Bintu ba ta ga abin da na gani ba. Bayan azahar abin ya taso wa matarka. Muka tsayar da keke a bakin layi, mahaifiyarka ta riƙe ta a baya, ni na ɗosana a gaba kusa da direba. Da muka doshi asibitin unguwa sai yaron ya fara rage gudu tun daga nesa, ya raɓa gefen titi zai tsaya. Na ce, "Ina za ka?" Ya ce, "Baba, ai a nan muke sauke su, su haye da ƙafa." Na ce, "A da ke nan. Ɗaga kanka ka duba." Ya duba, ya ga kwalbati, ya yi dariya, ya murɗa ya haye. Bai tsaya ba sai da tayar gaba ta kusa taɓa matakala. Madam Saratu ungozoma ta fito ta kama hannun Yagana, na bi su a baya ban ma san ina tafiya ba, sai ta juyo ta ce, "Ba Mala, kai kuma ina zuwa? Ga benci can." Na koma benci. Ba a kira la'asar ba muka ji kukansa.

A kan bencin nan na zauna ina kallon kwalbatin. Siminti ne kawai da rodi, faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ba shi da fenti, ba shi da suna. Amma ni na san abin da ke wurin kafin shi. Tun da aka haƙa babban lambatun da ya bi gefen titinmu ya ratsa ta gaban asibitin, ba a bar wurin hayewa ba, sai wani kafinta ya ji tausayi ya gitta katako. Mace na cikin ciwo za a sauke ta a titi, wani ya riƙe ta ta gaba wani ta baya, ta taka katakon yana lanƙwasa, ga baƙin ruwa a ƙasa. Duk unguwa mun gani, duk mun ce Allah ya kyauta, mun wuce. Kai ne, ka gama makaranta ba ka sami aiki ba, ka ɗauki maganar katakon nan kamar gadon ubanka. Ka yi ta sintiri ofis-ofis har masu gadi suka gane ƙarar takalminka. A haka ka haɗu da mutumin da kake yi wa aiki yanzu, lokacin yana neman kujerar majalisa. Ya zo ya gani, ya sa aka zuba kwalbatin, ya ci zaɓe, ya ce yaron nan da ya hana ni barci a kan katako shi nake so a ofishina a Abuja. Ba ka san ranar da kake wannan wahala cewa wa ɗanka kake gyara hanya ba. Ni ma ban sani ba sai yau.

Wannan ya kawo ni ga maganar da muka yi a waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ka ce abokan aikinka sun sa maka suna Kansilan Kwata. Ka ce nan gaba kaɗan za a zauna a yanke aikin da Onarabul zai yi wa mazaɓa, kuma duk sun haɗu a kan a gina katafariyar ƙofa a mashigar unguwa, da fitilu, da sunansa a sama. Kai kuma abin da ke ranka shi ne ɗaya katakon, wanda har yau yake gitte a kan lambatun nan a gaban makarantar firamare, inda yara ke bi safe da rana. Sannan ka ce, "Baba, ni shiru zan yi. Sabon zuwa ne ni, ga iyali, kada in jawo wa kaina." Ban ba ka amsa ba. Ka san ni, in waya na kunnena tunanina ba ya tafiya. Amma in na riƙe biro, wanda ban iya riƙewa ba sai da furfura ta fara fito mini, magana takan zauna. Bintu za ta ɗauki hoton shafukan ta turo maka. Ka yi haƙuri da rubutun, na ɗan makarantar yamma ne.

Amsata ita ce kada ka yi shiru. Amma kuma kada ka yi magana irin tawa.

Na shafe rayuwata ina wanke hulunan manya a bayan Kasuwar Litinin, kuma wanda ya kawo hula yakan zauna ya jira, in ya zauna kuma yakan yi hira. Ta haka na san 'yan siyasa iri-iri. Akwai mai baki, wanda in ya hau mumbari har abokin hamayyarsa sai ya tafa. Akwai mai tara jama'a, wanda ya san wa ke gaba da wa, kuma ya san yadda zai zaunar da su a tabarma ɗaya. Akwai mai hangen nesa, wanda in ya dubi fili sai ya ga gari. Sannan akwai wanda idonsa ke ƙasa. Shi wannan in an kai shi buɗe sabon gini, mutane na kallon rufi, shi yana tambaya ina tsohuwa za ta zauna, ina ruwan wanke hannu, wa zai buɗe ƙofar in mai makulli ya tafi jana'iza. Ba a rera masa waƙa, ba a buga hotonsa a jikin zani. Amma in babu shi a cikin tafiya, za a yi ta gina abubuwan da ke da kyau a hoto, talaka kuwa yana zagaye su. Irin wannan idon Allah ya ba ka, kuma a wurina ka gada. Bambancinmu shi ne ni na same shi ban san yadda ake riƙe shi ba.

Kana goye lokacin da aka ce za a yi wa unguwarmu rijiyar burtsatse. Kansilanmu na lokacin yana kawo mini hula, sai ya tambaye ni inda ya kamata a sa ta. Na ji kaina ya yi girma. Na ce ai babu kamar ƙofar masallaci: fili ne, tsakiyar unguwa ne, ga inuwar dogonyaro, ga dattawa kullum a zaune, babu yaron da zai karya kan famfo. Duk mazan da na tambaya suka ce na yi tunani. Aka haƙa, ruwa ya fito garai-garai. Muka yi ta alwala muna jin daɗi. Sai na lura har yanzu masu moya suna tura kurarsu cikin layi suna sayar da ruwa gida-gida, har da gidana. Na shiga na ce wa mahaifiyarka, "Ga ruwa kyauta a waje, ke kina saye?" Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Wace mace ce za ta je ta sunkuya da bokiti a gaban surukinta da liman da duk majalisar da ba ta da aikin yi sai kallo? Kun gina wa kanku wurin alwala, Allah ya ba da lada." Na ce me ya sa ba ki faɗa ba tun farko? Ta ce, "Ka tambaya?"

Ka ga, ni da nake taƙama da ido, idon namiji mai zama a inuwa ne da ni. Don haka duk abin da ka hango, kafin ka kai shi gaban kowa, ka je wurin mai amfani da shi. In maganar ruwa ce, ka tambayi mai ɗebowa. In ta asibiti ce, ka tambayi Yagana, yanzu ta fi ka sani. Maganar katakon makaranta ma, kada ka tsaya a kan abin da ka gani. Ka sa Bintu ta je ta tambayi malamai mata da masu sayar da ƙosai a bakin ƙofa, wataƙila su ce maka ba a nan ya kamata a zuba kwalbatin ba, a can gaba ne inda yaran suka fi ɓullowa.

Da na gane kuskuren famfo sai na ce a ja bututu zuwa bayan layi, inda mata za su sake. Magana ce mai kyau. Amma ka ji yadda na yi ta. Kansila ya zo ɗaurin aure a unguwa, an cika, an raba goro, yana gaisawa da mutane, sai na miƙe na ce da ƙarfi, "Ranka ya daɗe, famfon da ka yi mana na maza ne, matanmu har yau saye suke." Aka fashe da dariya. Mutumin nan ya dube ni, ni da na zaɓa masa wurin da bakina. Daga ranar bai sake kawo mini hula ba, bututu kuma bai zo ba har ya sauka daga kujera. Ba mugu ba ne. Na tozarta shi ne, kuma in ya gyara a lokacin, kowa zai ce mai wankin hula ne ya tilasta shi. Matan unguwa suka biya kuɗin dariyar da na samu.

A sana'ata ba a wanke hula a kan mai ita. Sai ya cire da hannunsa ya miƙo maka, ka juya baya ka goge dauɗar, ka sa sitati, ka ɗora a gungume ta bushe, ka dawo masa da ita ya sa ya fita kamar bai taɓa yin gumi ba. Na san wannan a kan hula, ban sani ba a kan mutum. Saboda haka in an zauna zaman nan naku, kada ka miƙe a gaban abokan aiki ka ce ƙofar banza ce. Wanda ya kawo shawarar zai zama abokin gabarka, Onarabul kuma in ya riga ya gyaɗa kai ba zai so a ga ya janye ba. Ka nemi lokacin da kuke daga kai sai shi. Ka fara da abin da ya yi daidai, kuma ba ƙarya za ka yi ba, ga ɗanka nan shaida.

Ka san Malam Bitrus, mijin Madam Saratu, mutumin Biu, wanda ya koya mana karatu a ajin yamma a makarantar firamaren nan. Mu ne dattawa a kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Ranar da na rubuta sunana ba tare da na kalli allo ba, na dawo gida ina jin kamar an ba ni gari. Daga nan sai abin ya zama ciwo. Fitilar titi ta mutu, takarda. An zubar da shara a kwana, takarda. Mai awo ya rage mudu, takarda. Akuyar wani ta shiga maƙabarta, takarda. Har gidan rediyo nake kai koke. Aka sa mini Ba Mala Ƙorafi. In na shiga ofis sai in ga akawu ya tuna yana da salla a kansa. Wata rana na kai wa Malam Bitrus wata doguwar takarda ya duba mini kuskure. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Ba Mala, na koya maka rubutu ne don ka karanta takardar magani, ba don ka ƙarar da takardun Borno ba. A cikin duk waɗannan, wanne ne in ba a gyara ba wani zai mutu?" Na nuna masa ɗaya, wata wayar lantarki da ta sauko ƙasa-ƙasa a hanyar da yara ke bi. Ya ce, "To ga shi ka binne ta a tsakanin akuya da mudu."

Mai irin idonmu ba ya rasa abin gani, wannan shi ne wahalarsa. Ko yau ina kan bencin asibiti, ga farin ciki ya cika ni, sai da na lura babu rumfa a wurin jira, kuma tankin ruwansu yana ɗiga. Na buɗe baki zan yi wa Madam Saratu magana, mahaifiyarka ta taka mini ƙafa. Ta yi daidai. Ka riƙe abu ɗaya, Kyari, kamar yadda ka riƙe katakon farko. Ka zaɓi katakon makaranta, to ka tsaya a kansa har a zuba siminti. Sauran ka ajiye su a ranka, ba za su gudu ba. Mutumin da ke kawo matsala ɗaya tare da yadda za a gyara ta, ana buɗe masa ƙofa. Mai kawo goma, ana ce masa oga ya fita.

Akwai kuma wanda ya fi duk waɗannan yi mini nauyi, kuma shi ne nake so ka fi riƙewa game da abokan aikin naka. Lokacin da aka zo auna babban lambatun, ka tuna ina da katanga a ƙofar gida inda nake jera gumaguman hula su sha rana in na kawo aiki gida. Igiyar awo ta bi ta kanta. Na tayar da hankalin unguwa. Na ce aikin 'yan kwangila ne, na ce waɗannan masu takarda ba su san garin ba, na ce mu ƙananan kwatocinmu kawai za a yashe. Injiniyan yaro ne, bai girme ka ba a yanzu. Ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ruwan da ke shiga gidajenku ba a layinku yake farawa ba, daga can sama yake taruwa. Ko kun yashe kwata kullum, in ba shi da babbar hanya ta ɗakunanku zai bi." Na ce masa na girmi ubansa a unguwar nan. Aka rushe katangar ina zage-zage. Da damina mai ƙarfi ta zo, na tsaya a ƙofar gida ina kallon ruwa yana gudu a cikin lambatun kamar doki, ɗakinmu a bushe. Yaron ya fi ni gaskiya.

Ga inda abin ya fi ciwo. Duk watannin da ake aikin nan, ga siminti, ga rodi, ga leburori a gaban asibiti. Da na je na ce wa yaron nan, ɗana, bar wa mata wurin hayewa a nan da gaban makaranta, na tabbata da ya yi, don mai jin magana ne. Ni da ake kira mai ido, ban ga wannan ba, saboda idona na kan katangata. Katakon da ka sha wahala a kansa, da na buɗe bakina da an huta da shi tun ranar farko.

Don haka kada ka raina masu manyan tsare-tsare. Wataƙila ƙofar da suke so ado ce kawai, amma ba duk babban abu ne ado ba. Cikin waɗanda ke maka dariya akwai wanda ya san yadda ake shigar da aiki cikin kasafi, akwai wanda ya san dokar da kai ba ka sani ba. Kana bukatarsu. Su suna ganin lambatu, kai kana ganin inda za a haye shi, gari kuma sai da duka biyun. In sun ce Kansilan Kwata, ka amsa, ka yi dariya tare da su, ka tambaye su abin da suka iya. Sunan da ka amsa da fara'a ba ya daɗewa yana cizo. Kuma duk ranar da ka ji ka zafafa a kan wata magana, ka tsaya ka duba ko akwai katangarka a ciki.

In Allah ya sa aka yi kwalbatin, za a kafa allo a rubuta sunan Onarabul da manyan baƙaƙe, naka ba zai fito ba. Ka bar shi. Shi yana bukatar a ga sunansa don a sake zaɓensa, wannan ita ce sana'arsa, ba laifi ba ne. Ka ma taimaka masa ya ga cewa uwar da ɗanta ya haye lafiya ba ta manta wanda ya yi, alhali ƙofa mai fitilu ba ta jefa ƙuri'a. Ni ban taɓa ɗinka sunana a cikin hular kowa ba, amma in na ga mutum a talabijin hularsa a tsaye, na san hannun da ya yi.

Batun tsoron rasa aiki kuwa, ban raina shi ba, yanzu baki ya ƙaru a gidanka. Amma ka yi tunani. Mutumin nan yana da masu yi masa kirari tun kafin ya san ka, kuma kyauta suke zuwa. Bai ɗauko ka daga Jiddari Polo don ka ƙara musu yawa ba. Ya ɗauke ka ne saboda ka hana shi sakat a kan katako. Ranar da ka zama kamar sauran, ranar ce ba ya bukatarka. In kuma na yi kuskure a kansa, ya kore ka don ka faɗa masa gaskiya cikin ladabi, to abincinka ba a hannunsa yake ba. Ɗakinka na nan, kuma har yanzu hula na yin dauɗa a Maiduguri. Abin da nake ji maka tsoro ba kora ba ne. Motar nan ce mai baƙin gilashi da sanyi a ciki. Mutum yakan shige ta da ido biyu, bayan shekara ya fito ba ya ganin komai sai abin da aka nuna masa. Lokaci-lokaci ka sauka ka hau motar haya, ka tsaya a layin asibiti kamar kowa, ka ci abinci inda masinjoji ke ci. Ka riƙe sallarka a kan lokaci. Ka kira matarka kullum, kuma in tana magana ka saurara har ta gama.

Yanzu ga shawarar da na yanke, kuma na riga na gaya wa mahaifiyarka. Suna zai faɗo ranar makaranta, da safe, kafin zaman naku. Za mu kafa rumfa a layinmu, ka san kuwa in an kafa rumfa mota ba ta shiga. Duk mai mota sai dai ya ajiye ta a filin da ke gaban firamare, ya hayo lambatu da ƙafa. Hanya ɗaya ce a wurin, kuma a daidai lokacin ne yara ke tururuwa a kanta, manya na jan ƙanana, masu allo da masu jaka, wasu na jira a bakin titi keke na wucewa ta bayansu. Mahaifiyarka ta ce wannan makirci ne. Na ce ni ban gitta katakon ba, ban kuma sa wa makaranta lokacin shiga ba, suna kawai nake yi wa jikana. Ta ce, "To ka yi mini alkawari ba za ka buɗe baki ba." Na yi mata. Zan tsaya a wancan gefe da babbar rigata, in ce lale, in karɓi hannun Onarabul in ya hayo. Kai ma kada ka ce komai a wurin, kada ka ko nuna da ido. Ka bar shi ya jira yara su gama wucewa, ya ɗage rigarsa, ya ji yadda katakon ke yi a ƙarƙashin ƙafarsa. In kun koma mota ya tambaye ka, sai ka faɗa. Na san zai tambaya.

Allah ya tsare mini kai a hanya, zuwa da komawa. Allah ya kiyaye ka daga sharrin baki da sharrin kwaɗayi, ya ba ka harshe mai laushi da zuciyar da ba ta lanƙwasa. Allah ya ba Yagana lafiyar shayarwa, ya raya yaron nan cikin imani, ya sa ya yi karatu da wuri ba irin na kakansa ba. Mahaifiyarka na gaishe ka, tana can tana haɗa turaren wuta tana faɗa da Bintu a kan kunun kanwa. Malam Bitrus ya ce in gaya maka barka, kuma shi zai zo da kujerun cocinsu.

Ka gayyato Onarabul. Ka ce masa tsohon da aka haye da surukarsa ta kan kwalbatinsa ne ke roƙon ya zo ya sa wa yaro albarka. Ka gayyato wanda ya kawo shawarar ƙofa, da wanda ya fara kiranka Kansilan Kwata, da direba, da masu ɗaukar hoto, kada ka bar kowa. Mahaifiyarka na cewa shinkafa ba za ta isa ba, na ce za ta isa. Duk wanda hularsa ta yi dauɗa ya taho da ita, zan wanke kyauta. Ku zo dukanku, ku zo da wuri kafin a buga ƙararrawar makaranta, ku zo ku ga jikana.